Cutar Gajiya Mai Naci: Yadda Ake Zama da Ita Bayan Likita Ya Gano Ta

Gabatarwa

Gajiya aba ce da kowane ɗan Adam ya sani. Manomin da ya wuni yana huɗa, da ɗalibin da ya raba dare yana bitar darasi, duk sukan kwanta a gajiye, amma idan gari ya waye sai su tashi garau. Akwai kuwa wata irin gajiya wadda barci ba ya kawar da ita, kuma duk sa'ad da mai ita ya cije ya ci gaba da aiki, sai ta ƙara kwantar da shi. Wannan ita ce cutar gajiya mai naci, wadda likitoci suke taƙaita sunanta da haruffan ME/CFS. Ranar da likita ya tabbatar wa mutum yana da ita, tambayar farko da takan fito daga bakinsa ko bakin iyayensa ita ce, wane magani za a saya? Amsar ba ta da daɗin ji, domin har yanzu babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana warkar da wannan cuta. Duk da haka akwai abin yi mai yawa. Ginshiƙin jinyar shi ne tattalin ɗan ƙarfin da ya rage wa jiki, magunguna kuwa mataimaka ne da ake amfani da su don rage wasu alamomin.

Asalin Sunan Cutar

A shekarar 1955 wata cuta ta ɓarke a asibitin Royal Free da ke birnin Landan, ta kwantar da ma'aikata kusan 300, galibinsu masu aikin jinya. Wasu sun warke cikin makonni, wasu kuwa suka shafe shekaru ba su koma daidai ba. Daga nan aka fara kiranta da sunan da ake taƙaitawa ME, mai nufin ciwon tsoka tare da kumburin ƙwaƙwalwa da laka. A 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Bayan wata ɓarkewar a yankin tafkin Taho na Amurka a 1984, likitocin can suka raɗa mata suna na biyu a 1988, wato CFS, cutar gajiya mai naci. Majinyata da yawa ba sa son wannan suna, domin yakan sa jama'a su ɗauka gajiya ce irin ta kowa. Shi ya sa ake haɗa sunayen biyu.

Galibi cutar takan fara ne bayan wani zazzaɓi. Wani bincike da aka yi a yankin Dubbo na Ostareliya, aka wallafa a 2006, ya bi diddigin mutanen da suka kamu da wasu ƙwayoyin cuta iri uku, ya samu cewa wajen mutum 1 cikin 10 na fama da ita bayan wata 6. Tun daga 2020 kuma an ga irin haka ga wasu da suka yi cutar korona. Mata sun fi maza kamuwa, kuma sau da yawa takan fara ne a shekarun makarantar sakandare, ko tsakanin shekara 30 da 40. Ba cutar Turawa ce kaɗai ba, domin wani bincike da aka wallafa a 2007 ya same ta a Najeriya.

Yadda Ake Gane Ta

Babu gwajin jini guda da ke nuna wannan cuta. Likita yakan dogara ne ga alamomi. Bisa ƙa'idar da Cibiyar Nazarin Likitanci ta Amurka ta fitar a 2015, dole a samu abubuwa uku. Na farko, raguwar ƙarfin yin ayyukan da mutum ya saba, tare da gajiya mai tsanani, fiye da wata 6. Na biyu, barcin da ba ya wartsakewa. Na uku, taɓarɓarewar jiki bayan aiki. Sannan a ƙara da ɗaya daga cikin biyu: dushewar tunani da yawan mantuwa, ko kuwa jiri da bugun zuciya idan an daɗe a tsaye. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta rage wa'adin zuwa wata 3 a 2021.

Kafin a kai ga haka, wajibi ne likita ya tabbatar ba wata cutar ce ta kawo gajiyar ba. A ƙasar Hausa wannan mataki yana da nauyi na musamman, saboda zazzaɓin cizon sauro, da ƙarancin jini, da amosanin jini, da tarin fuka, da ciwon hanta, da ciwon suga, da cuta mai karya garkuwar jiki, da ciwon tsananin damuwa, duk suna gajiyar da mutum, kuma kowannensu yana da hanyar jinyarsa. Ko bayan an gano cutar ma, idan wata sabuwar alama ta ɓullo, kamar rama ko zazzaɓi mai zafi, a koma asibiti, kada a ɗora komai a kanta.

Koma-bayan da Ke Biyo Bayan Aiki

Alama ta uku, wato taɓarɓarewar jiki bayan aiki, ita ce ta bambanta wannan cuta da sauran, kuma wanda bai fahimce ta ba ba zai iya jinyarta ba. Alal misali, a ɗauka ga wata ɗaliba 'yar aji huɗu mai wannan cuta. Ran Litinin ta ji dama-dama, sai ta yi sharar aji, ta tsaya taron safe, ta rubuta gwajin lissafi. Ta koma gida lafiya lau. Amma ran Talata da yamma ko ran Laraba, sai jiki ya ƙi: ciwon gaɓoɓi, ciwon kai, ciwon maƙogwaro, ta kasa haɗa jimla biyu a littafi. Wannan koma-baya yakan zo ne bayan awa 12 zuwa 48, ya ɗauki kwanaki ko makonni. Jinkirin nan shi ke ruɗar iyaye da malamai, domin sun gan ta ran Litinin tana dariya.

Masana sun auna wannan a ɗakin gwaji. Idan aka sa mai lafiya ya tuƙa keken gwaji yau, aka auna yawan iskar oksijin da jikinsa ya yi amfani da ita, sannan aka maimaita gobe, sakamakon yakan zo kusan daidai. Masu wannan cuta da dama kuwa, a rana ta biyu ƙarfinsu yakan faɗi ƙasa da na jiya. Wato jiki bai mayar da abin da ya kashe ba. Abin ya yi kama da rijiyar da idon ruwanta ya raunana a tsakiyar bazara. Idan aka ɗebi guga biyu aka bar ta, gobe za a samu. Idan aka kwashe ta har laka, sai a kwana uku ana jira.

Tattalin Ƙarfi

Daga nan ne hanyar jinya ta samo asali. Majinyaci yakan fara da neman sanin iyakarsa. Ya samu ɗan littafi, kullum ya rubuta abin da ya yi, da tsawon lokacin da ya ɗauka, da yadda ya ji bayan kwana ɗaya da kwana biyu. Cikin 'yan makonni zai ga wane aiki ne ke kayar da shi. Abin lura a nan shi ne, ba aikin jiki kaɗai ke cin ƙarfi ba. Karatu, da doguwar hira, da kallon waya, da ɓacin rai, da hayaniyar biki, duk daga rijiya guda suke ɗiba.

Bayan ya san iyakar, sai ya riƙa tsayawa kafin ya kai ta. A rarraba babban aiki zuwa ƙanana, a sa hutu a tsakani. Abin da za a iya yi a zaune, kamar wanka ko yankan kayan miya, kada a yi shi a tsaye. Hutu kuma yana nufin kwanciya shiru a wuri mai sanyi, ba tare da waya ko rediyo ba. Mafi haɗarin rana ita ce wadda aka tashi da sauƙi, domin a ranar ne zuciya take raya wa mutum ya biya bashin ayyukan da suka taru.

A da likitoci sukan ba da shawarar motsa jiki ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako, bisa zaton cewa zaman wuri ɗaya ne ya raunana majinyaci. Majinyata da yawa sun ba da rahoton cewa hakan ya ƙara musu ciwo. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta janye wannan shawara a 2017, NICE ma ta hana ta a 2021. Saboda haka cewa majinyaci ya daure ya motsa jini, ko da da kyakkyawar niyya aka faɗa, yana iya cutar da shi.

Magunguna da Ƙa'idojin Shan Su

Likita yakan duba alamar da ta fi damun majinyaci, ya fara da ita. Domin barci, ana fara gyara lokacin kwanciya da na tashi, a rage shayi da kofi da goro da yamma. Idan hakan bai isa ba, akan ba da melatonin, ko amitiriftilin ɗan kaɗan, sau da yawa miligiram 10 da dare, wato ƙasa ƙwarai da abin da ake bai wa mai ciwon damuwa. Wannan na biyun yana rage ciwon jiki ma, amma yakan busar da baki, ya sa maye da safe, ya kuma ƙara bugun zuciya.

Domin ciwon tsoka da gaɓoɓi akan fara da farasitamol, wanda bai kamata babban mutum ya wuce giram 4 a rana ba, saboda yawansa na lalata hanta. Ibufurofen da danginsa kuwa, idan aka daɗe ana sha, sukan jawo gyambon ciki su taɓa ƙoda. Taramol da kodin ba su dace da ciwon da zai daɗe ba, domin jiki yakan saba da su har mutum ya kasa rabuwa da su.

Jirin tsayuwa yana faruwa ne saboda jini yakan taru a ƙafafu, bai koma ƙwaƙwalwa yadda ya kamata ba. Ga wasu, bugun zuciya yakan ƙaru da 30 a minti cikin minti 10 na tsayuwa, ko da 40 ga matasa 'yan ƙasa da shekara 20. Akan shawarce su da yawan shan ruwa, da ƙarin gishiri, da safa mai matse ƙafa, da guje wa zafin rana. Amma mai hawan jini ko ciwon ƙoda kada ya ƙara gishiri sai da izinin likita. Akwai kuma ƙwayoyin da likita kan rubuta don rage gudun zuciya ko ɗaga ƙarfin jini. Mai irin wannan jiri ya tuntuɓi likitansa kafin azumi, musamman idan ya faɗo a bazara.

Ƙa'idoji huɗu ne suka game duk waɗannan. Na ɗaya, a fara da kaɗan a ƙara a hankali, domin masu wannan cuta sukan ji illar magani fiye da sauran mutane. Na biyu, a gwada magani ɗaya a lokaci ɗaya, don a san wanne ya yi amfani, wanne ya kawo illa. Na uku, kada a yanke shan magani irin amitiriftilin farat ɗaya, sai likita ya tsara yadda za a rage. Na huɗu, a gaya wa likita duk abin da ake sha, har da sassaƙe da jiƙo da abin da aka sayo a kemis. Yara da matasa kuwa, likitan yara ne ya kamata ya jagoranci ba su magani.

Hattara da Masu Alkawarin Waraka

Cutar da ba ta da magani kasuwa ce ga masu tallar magani. Iyaye sukan ƙarar da dukiya a kan maganin ƙarin jini, da ƙarin ruwa, da lemon ƙara kuzari. Wanda jininsa bai yi ƙasa ba, maganin ƙarin jini ba zai amfane shi ba. Abubuwan ƙara kuzari kuwa ɓoye gajiyar kawai suke yi, mutum ya wuce iyakarsa bai sani ba, koma-bayan ya zo da tsanani. Su kansu masana sun sha sa rai su rasa. A Norwe an ga alamar cewa wani maganin sankarar jini mai suna rituksimab yana taimakawa, amma da aka gwada shi a kan majinyata 151, sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna bai fi ƙarin ruwan da ba magani a ciki ba. Wannan shi ne amfanin gwaji na ƙa'ida: yana raba fata da gaskiya.

Aikin Malamai da Iyaye

Ɗalibi mai wannan cuta ba raggo ba ne, kuma horo ko gori ba sa tayar da shi. Malami zai iya taimaka masa da abubuwan da ba sa cin ko kwabo: a bar shi ya zauna lokacin taron safe, a ɗauke masa shara da wasannin guje-guje, a yarda ya zo rabin wuni, a ba shi hutu a tsakiyar jarrabawa, abokai su riƙa kai masa darasin da ya wuce shi. A gida kuma a rage masa aike da ɗaukar ruwa, a taƙaita zaman 'yan dubiya. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na majinyata ba sa iya fita daga gida, wasunsu ma ko haske da ƙara ba sa jurewa. Doguwar jinya takan jawo baƙin ciki, kuma idan ya yi tsanani shi ma a nema masa taimakon likita, ba don shi ne ya haddasa cutar ba.

Kammalawa

Manya kaɗan ne suke warkewa sarai, ko da yake da dama sukan samu sauƙi a hankali. Matasa kuwa sun fi samun damar murmurewa. Bincike na ci gaba: a 2025 masana a Jami'ar Edinbura suka sanar da gano wurare 8 a cikin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da cutar, bayan nazarin majinyata fiye da 15,000. Kafin irin wannan aiki ya haifar da magani, abin da ke hannun sabon majinyaci shi ne littafin lura da jikinsa, da likita mai sauraro, da 'yan'uwa da malaman da suka yarda da shi idan ya ce ya gaji. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.