GARGAƊI GA IYAYE: Kada a Zuba wa Yara Maganin Feshi a Ka Don Kashe Ƙwarƙwata

Zuwa ga iyaye maza da mata, da makitsa, da wanzamai, da malaman allo da na Islamiyya, da masu sayar da maganin gona a Bagudo, Ka'oje, Illo, Lolo, Tsamiya, Zagga, Kende da dukan ƙauyukan da ke bakin iyakar Benin.



Ƙwarƙwata ba ta kashe yaro, amma maganin feshi yana kashe shi cikin dare ɗaya. Duk uwar da ta ga 'yarta na susar kai, ta ji zuciyarta na raya mata ta ɗauko fiya-fiya, ko Sniper, ko gamalin, ko ragowar maganin shinkafa da na auduga, ko kananzir, ko fetur, don Allah ta dakata. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da aka yi don jikin ɗan Adam, kuma babu wani awo nasu da za a ce ya yi ƙanƙanta har ba zai cutar ba.

Dalilin wannan kira

A watan Yuli na 2019, wata matashiya mai hidimar ƙasa a Jihar Osun ta shafa Sniper a gashinta don ta rabu da ƙwarƙwata. Ba ta sha ba, a ka kawai ta sa, amma ta rasu. Babbar mace ce mai cikakken ƙarfi. To ina ga yarinya 'yar shekara 5 ko 6? A wannan shekarar ta 2019 ce hukumar NAFDAC ta hana sayar da Sniper da ire-irensa a kasuwanni da kantunan kayan masarufi, daga ranar 1 ga Satumba. Sinadarin da ke cikinsa, wato diklorbos, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a sahun magungunan ƙwari masu tsananin haɗari, kuma yawancin fiya-fiyar da ake ɗurawa a ƙananan kwalabe da shi ake haɗa ta.

Mu mutanen bakin iyaka haɗarinmu ya fi na wasu. Noman shinkafa da albasa a fadamun Kogin Kwara ya sa da wuya ka shiga gidan manomi ba ka tarar da gorar maganin feshi a lungun ɗaki ko a gindin rumbu ba. Can tsallake kuma, yankin Alibori, inda Segbana da Kandi da Banikoara suke, shi ne cibiyar noman auduga ta Jamhuriyar Benin, auduga kuwa tana cikin amfanin gonar da aka fi yi wa feshi. Kaya na shigowa ta Tsamiya da Lolo, wasu daga kasuwar Malanville. Wata gorar rubutun jikinta da Faransanci yake, wata kuma an juye maganin a robar ruwa ko kwalbar lemo, ba suna ba bayani. Maƙwabtanmu sun riga sun ɗanɗani ɗacin abin: a daminar audugar 1999 zuwa 2000, an ƙirga mutum aƙalla 37 da maganin auduga mai suna endosulfan ya kashe a arewacin Benin. Ƙasar ta haramta shi a 2008, sannan yarjejeniyar duniya ta Stockholm ta sa shi cikin sinadaran da za a daina amfani da su a 2011. Shi ma lindan, wanda ke cikin gamalin, tun 2009 ya shiga wannan jerin.

Yadda gubar ke shiga jikin yaro

Ga yadda abin kan faru. Da la'asar uwa ta zaunar da 'yarta a tsakar gida, ta tsefe mata kitso, ta ga ƙwai jere a bayan kunne da ƙeya. Sai ta tsiyayi magani cikin murfin gora ta gauraya da man shafawa, ta murza har fatar kai, ta ɗaure da leda, ta ɗora ɗankwali, ta ce, "Je ki kwanta, kafin safiya duk sun mutu." Tausayi ne ya sa ta yi haka, amma kowane mataki da ta ɗauka ya ƙara buɗe wa guba hanya. Fatar kai cike take da jijiyoyin jini. Kan da aka daɗe ana susa akwai ƙuraje da ƙananan raunuka. Mai yana taimaka wa maganin ya ratsa fata, leda kuma tana tsare zafi da gumi, ga tururinsa da yarinyar za ta kwana tana shaƙa a ɗaki a rufe, tare da ƙannenta da ke kwance kusa da ita. Jikin yaro ƙarami ne, don haka abin da babba zai ɗan jure, ya isa ya kashe yaro.

Diklorbos da danginsa suna hana jijiyoyi tsayawa da aiki bayan sun isar da saƙo. Shi ya sa miyau da hawaye da gumi ke ta zuba, hanji ya ruɗe, huhu ya cika da ruwa, naman da ke jan numfashi ya gaji har ya tsaya. Endosulfan da lindan kuwa ƙwaƙwalwa suke taɓawa, sai yaro ya kama jijjiga.

Kananzir da fetur nasu haɗarin daban ne. Suna ƙona fatar kai da ido, tururinsu yana ɓata huhu, kuma gashin da ya jiƙe da su tartsatsi ɗaya yake jira daga murhu, ko fitila, ko ashana. Kafur da wasu ke dakawa su zuba a mai shi ma ba abin wasa ba ne: akwai yara da yawa a ƙasar nan da aka haifa da wani raunin jini da iyaye ba su sani ba, kafur yana farfasa musu ƙwayoyin jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi duhu, jini ya ƙare. Garin taba ma guba ne da ke ratsa fata. Garin gyaran gira kada a rasa ido.

Idan an riga an shafa

Kada a jira a ga abin da zai faru. A yi waɗannan nan take:

1. A fitar da yaron waje inda iska ke kaɗawa, a cire leda da ɗankwali da duk tufafin da maganin ya taɓa.

2. A wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa, a maimaita sau da dama. A karkatar da kansa baya don kada ruwan ya gangara ido da baki. Mai wankin ya sa safar hannu ko ya ɗaura leda a hannuwansa.

3. Idan ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta har kamar minti 15.

4. Kada a ɗura masa manja, ko madara, ko nono, ko ruwan gishiri, kuma kada a sa shi amai. Waɗannan ba sa karya gubar, kuma suna iya sarƙe shi su faɗa huhu.

5. A tafi babban asibiti mafi kusa ko da yaron yana magana yana wasa, a tafi da gorar maganin, a faɗa wa ma'aikatan lafiya gaskiyar abin da aka shafa da lokacin da aka shafa.

Ɗaukar gorar nan na iya ceton rai. Gubar diklorbos akwai allurar da ke karya ta, sunanta atrofin, amma ba ta aiki a kan gubar endosulfan da lindan, su wata kulawar ake ba su. Likita na bukatar sanin wadda yake fama da ita.

Alamomin da ke nuna ana cikin haɗari su ne dalalar miyau, gumi sharkaf, hawaye, amai, gudawa, murɗar ciki, ƙanƙancewar baƙin ido, rawar nama, numfashi mai kurari, jiri, jijjiga ko suma. Idan an ga ɗaya daga ciki, ba lokacin turare da neman mai ruƙiyya ba ne. A yi addu'a a kan hanya. A kwantar da yaron a kan gefensa don kada miyau ya shaƙe shi. Daga Illo ko Lolo zuwa manyan asibitocin Birnin Kebbi, irin su Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, tafiya ce mai tsawo, don haka a fara da asibitin da ke kusa, kada a bari sai gari ya waye.

Mu san ƙwarƙwata

Tsoro da kunya ne ke jefa iyaye cikin ganganci, alhali abin bai kai nan ba. Ƙwarƙwatar kai girmanta bai wuce ƙwayar riɗi ba. Ba ta tashi, ba ta tsalle, rarrafe take yi daga gashi zuwa gashi idan kawuna suka haɗu, a wajen barci, ko wasa, ko zaman karatu. Wani lokaci tana bin mataji, ko hula, ko hijabi, ko matashin kai. Ba daga awaki ko kaji ake ɗaukar ta ba, kuma ba a san ta da yaɗa wata cuta ba. Illarta ƙaiƙayi ne da hana barci da ƙurajen susa. Takan rayu kamar kwana 30 a kan mutum, amma idan ta faɗo ba ta wuce kwana 1 zuwa 2. Macen na saka ƙwai kamar 6 a rana, ta manne su a gindin gashi, su ƙyanƙyashe bayan kamar mako guda, 'ya'yan kuma su girma cikin kwana 9 zuwa 12. Wannan ne dalilin da ke sa ta dawo bayan an yi magani sau ɗaya.

Samun ta ba shaidar ƙazanta ba ce. Tana kama ɗan talaka da ɗan mai kuɗi, a Kebbi da Ingila da Amurka. Ta kama sahabi Ka'abu bin Ujra a Hudaibiyya yana cikin harami, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi masa izini ya aske kansa ya yi fansa, kamar yadda ya zo a Bukhari da Muslim. Saboda haka kada a tsangwami yaro, kada a hana shi makaranta, kada uwa ta ɓoye don gudun surutun kishiya ko maƙwabta.

Hanyar da ba ta da haɗari

Ga yara maza, aski ya wadatar. A tabbatar wanzami ya sa sabuwar reza ga kowane yaro, don gudun ciwon hanta da sauran cututtukan da ke bin jini.

Ga 'yan mata, a nemi mataji mai matsattsun haƙora ƙwarai. A tsefe kitso, a wanke kai, a shafa man kaɗanya, ko man gyaɗa, ko man kwakwa har gashin ya yi santsi. Man yana rage wa ƙwarƙwata gudu, ya kuma sa mataji ya wuce ba zafi. A zauna a wuri mai haske, a shimfiɗa farin ƙyalle a kafaɗar yarinyar. A raba gashin da kibiya kashi kashi, a fara warware shi da babban mataji, sannan a sa ƙaramin tun daga fatar kai a ja har ƙarshen gashi. Bayan kowane ja a goge matajin a ƙyallen a duba. A fi mai da hankali ga bayan kunne da ƙeya. Ƙwan da ya ƙi fita a zare shi da farce. A yi haka a rana ta 1, da ta 5, da ta 9, da ta 13, sannan a sake dubawa a rana ta 17. A haƙura da ƙananan kitso a tsawon wannan lokaci, a riƙa yin manyan kalaba masu sauƙin tsefewa.

A duba kan kowa a gidan rana ɗaya, a yi wa duk wanda aka samu da ita tare. A jiƙa mataji da kibiya a ruwan zafi sosai na minti 5 zuwa 10. A wanke ɗankwali da hijabi da hula da zanen gado da rigar matashi da ruwan zafi, a shanya a rana. Abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi a leda mako 2, a ajiye inda yara ba za su kai ba. Ba a bukatar yi wa ɗaki ko katifa feshi.

Idan ana son magani, akwai wanda aka yi musamman don kan mutum, kamar mai sinadarin fametirin na kashi 1 cikin 100, wanda ake shafawa na minti 10 a wanke, a maimaita bayan kamar kwana 9. A saye shi a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC, a bi umarnin da ke jikinsa. Maganin gona ko na dabbobi mai suna irin wannan ba ɗaya suke ba, ƙarfinsa ya ninka, kada a musanya. Jarirai, da yara 'yan ƙasa da shekara 2, da masu juna biyu, da mai ƙuraje masu ruwa a ka, sai an fara ganin ma'aikacin lafiya. Idan gashi na zubewa wuri wuri da farin gari, mai yiwuwa makero ne, shi kuma maganinsa daban.

Kira na ƙarshe

Masu sayar da maganin gona, ku ji tsoron Allah. Idan mace ko yaro ya zo neman na ƙwarƙwata, ku ce babu, ku nuna masa asibiti, kuma ku daina juye magani a robar da ba ta da suna. Magidanta, ku kulle maganin feshi nesa da ɗakin kwana da wurin girki. Makitsa, ku ne kuka fi kowa ganin kawunan yara, ku ja uwa gefe ku faɗa mata hanyar mataji da mai. Malaman tsangaya da na makarantun kwana, ku sa ranar duba kawunan ɗalibai, kada ku bar babban almajiri ya zama likitan ƙanana. Limamai da hakimai da masu unguwanni, ku sanar a masallatai da ranakun kasuwa da wuraren suna da biki, da Hausa da Fulatanci da Zabarmanci, har saƙon ya kai ga 'yan uwanmu na tsallaken iyaka.

Duk wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya karatu ba, tun yau. Yaran nan amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu a kansu. Allah Ya tsare mana zuriyarmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.