Koyar da Jinyar Tsofaffi a Jihar Kebbi

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, hankalin masu tsara harkar lafiya ya fi karkata ga mata masu juna biyu da ƙananan yara, kuma hakan yana da hujja, domin a nan ne aka fi asarar rayuka. Sai dai ma'aikacin jinyar da ya kama aiki a Asibitin Sir Yahaya, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Birnin Kebbi, ko babban asibitin Argungu, zai tarar da gadaje da dama ɗauke da dattawa masu fama da hawan jini da ciwon suga da shanyewar ɓarin jiki, alhali rabon da tsufa ya samu a karatunsa kaɗan ne.

Jinyar tsofaffi, wato kula da waɗanda suka kai shekara 60 zuwa sama, fanni ne mai ƙa'idojinsa. Ƙoda da hanta suna rage aiki idan shekaru suka ja, saboda haka adadin maganin da matashi zai sha ya tashi garau yana iya jigata tsoho, kuma cutar da kan zo wa yaro da zazzaɓi mai zafi tana iya bayyana a jikin dattijo da rikicewar tunani kawai, sai dangi su ɗauka gigin tsufa ne. Wanda ya daɗe a kwance kuwa, idan ba a juya shi kamar kowane awa biyu ba, fatar ƙugunsa da ta diddigensa takan mutu ta zama gyambo mai wuyar warkewa.

Abin da ya fi wannan wuyar koyarwa shi ne sanin al'ada, ma'ana fahimtar yadda tarbiyya da addini da harshe ke shafar abin da mara lafiya zai faɗa da abin da zai ɓoye. Dattijon da aka kawo daga unguwar Badariya, idan aka tambaye shi jiki, amsarsa ita ce da sauƙi, ko da bai runtsa ba daren jiya, kuma kunya ba za ta bar shi ya gaya wa budurwa sa'ar jikarsa cewa fitsari yana ƙwace masa ba. Gwanar ma'aikaciya takan fara da gaisuwa, ta kira shi Baba, ta ja labule, ta sallami surukai daga ɗakin, sannan ta yi tambayar a kaikaice, ko ta nemo abokin aiki namiji. Haka nan ya kamata ta san hukuncin taimama ga wanda ruwa zai cutar, ta iya tattauna azumi da mai ciwon suga, ta kuma tambayi jiƙe-jiƙen da ake ba shi a gida ba tare da faɗa ba, domin wanda aka tsawata wa sau ɗaya ba zai ƙara faɗin gaskiya ba. Jihar ma ba ta harshe ɗaya ba ce, akwai masu Fulatanci da Zabarmanci da Dakarci, kuma tsohuwar da Hausarta ba ta nuna ba tana iya gyaɗa kai ga bayanin da ba ta gane ba.

Yawancin jinyar a gida ake yin ta, a hannun 'ya'ya mata da matan 'ya'ya, don haka wajibi ne ɗalibi ya koyi yadda zai nuna wa mai jinya dabarar ɗaga tsoho da shayar da shi kunu ba tare da ya sarƙe ba.

An riga an fara ba wa fannin muhimmanci a ƙasar, domin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ya buɗe cibiyar kula da tsofaffi tun 2012, Gwamnatin Tarayya kuma ta amince da manufar ƙasa kan tsufa a 2021. Ya kamata Hukumar Kula da Aikin Jinya da Unguwarzoma ta Nijeriya da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi su mayar da wannan fanni darasi na dole mai jarrabawa, tare da tura ɗalibai ziyarar gidajen da ake jinyar dattawa a unguwanni da ƙauyukan fadama.