Bayan fitowa daga ɗakin tiyata: sa'o'in da suka fi ɗaukar rayuka a asibitocin Afirka

Idan aka ce za a yi wa mutum aiki, hankalin dangi kan tafi ne kan ɗakin tiyata. Ɗan da ke Libiya ko Abijan ya turo kuɗin magani, ƴan'uwa su cika ƙofar asibiti suna addu'a, da zarar likita ya fito ya ce an gama lafiya sai a fara buga waya ana barka. Sai dai binciken da aka yi a shekarun nan ya nuna cewa a Afirka, mafi yawan masu rasuwa sanadin tiyata ba a kan teburin aiki suke cikawa ba. A gadon jinya ne, kwana ɗaya ko fiye bayan an ɗinke.

A shekarar 2018 mujallar likitoci ta The Lancet ta wallafa wani bincike da Farfesa Bruce Biccard na jami'ar Cape Town a Afirka ta Kudu ya jagoranta. An bi diddigin marasa lafiya 11,422 a asibitoci 247 na ƙasashe 25, ciki har da Nijar. Kusan mutum ɗaya cikin biyar ya gamu da matsala bayan aiki, galibi shigar ƙwayoyin cuta, kuma kashi 2.1 cikin ɗari sun rasu. Kashi 94 cikin ɗari na mace-macen sun auku ne bayan ranar aikin.

Abin da ya ɗaure wa masanan kai shi ne waɗannan mutane sun fi takwarorinsu na ƙasashe masu arziki ƙuruciya da ƙoshin lafiya, matsalolin da suka samu ma ba su kai na can yawa ba, amma haɗarin mutuwarsu ya ninka na sauran duniya sau biyu. Ma'ana, jini na iya ɓallewa a ciki ko zazzaɓi ya tashi a kowace ƙasa. Bambancin shi ne ko akwai wanda zai lura da wuri ya kira likita. Ga mata lamarin ya fi muni: wani ɓangare na binciken da ya fito a 2019 ya gano cewa mutuwar uwa bayan tiyatar haihuwa ta ninka ta ƙasashe masu arziki kusan sau 50. Wannan adadi ya shafi Nijar kai tsaye, ƙasar da ta ayyana tiyatar haihuwa kyauta tun 2005 domin mata da yawa su samu.

Kafin nan, an fi ɗora fata kan takardar bincike mai tambayoyi 19 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008. Kafin a sa wuƙa, ma'aikata su tabbatar da sunan mara lafiya da wurin da za a yanka; kafin a fito da shi, a ƙirga auduga da kayan aiki. A gwajin farko a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8. Amma da lardin Ontario na Kanada ya tilasta amfani da ita, wani bincike na 2014 bai ga wani canjin a zo a gani ba. Takarda dai ana iya cika ta ba tare da kowa ya buɗe baki ba, kuma aikinta a ƙofar ɗakin tiyata yake ƙarewa.

Don haka tawagar Biccard ta koma gadon jinya. A gwaji na biyu da aka wallafa a 2021, asibitoci 332 a ƙasashe 28 suka shiga. Dabarar mai sauƙi ce: a tantance waɗanda suka fi shiga haɗari, a ajiye gadonsu inda ma'aikatan jinya ke hango shi, a yawaita auna su, a bar ɗan'uwa ya zauna kusa. Sakamakon bai yi daɗi ba. Mace-mace sun tsaya a kashi 1.3 ga waɗanda aka yi wa tsarin da waɗanda ba a yi wa ba, kuma asibitoci da dama sun kasa aiwatar da shi yadda aka tsara. Ba abin mamaki ba ne: ma'aikaciyar jinya ɗaya da ke riƙe da ɗaki guda cikin dare ba ta samun ƙarin hannu don an ba ta sabon umarni. Binciken farko ya ƙirga ƙwararrun likitocin tiyata, na haihuwa da na sa barci ƙasa da mutum ɗaya ga kowane mutum 100,000, alhali abin da masana suka ce ya kamata a cimma shi ne 20.

Daga nan wata tambaya ta taso, wadda duk wanda ya taɓa kwana a asibitin Maraɗi ko Damagaram zai gane ta nan take. Akwai mutanen da ba sa barin gefen gado dare da rana: masu jinya, da tabarmarsu da butarsu da kwanon abinci. Shin za a iya koya musu su zama idon likita? A asibitin Mbale na ƙasar Yuganda an gwada hakan. An nuna wa dangi yadda ake auna bugun zuciya da numfashi, aka ba su ƴar na'urar da ake maƙala wa yatsa domin duba iskar da ke cikin jini, aka faɗa musu lokacin da ya kamata su kira ma'aikaci. Yawan awon da ake yi wa marasa lafiya a rana ya ƙaru sosai.

Gwajin ƙarami ne, a asibiti ɗaya, kuma ba a tsara shi don tabbatar da raguwar mace-mace ba. Abin da masana ke son sani yanzu shi ne me ke faruwa bayan mai jinya ya ga alamar haɗari ya ruga ya faɗa: ko akwai likita a kusa, ko akwai jini a ajiye, ko akwai wuta da iskar oksijin da za a sake buɗe ɗakin tiyata da ƙarfe biyun dare.