Mutum-mutumin da ake karawa da shinge

Kafin sabuwar mota ta shiga kasuwa a Turai ko Amurka, sai an kara irinta da shinge da gangan, an zaunar da mutum-mutumin ƙarfe da roba a mazaunin direba, jikinsa cike da na'urorin awo. Wanda ya fi daɗewa a wannan aiki shi ne Hybrid III, da kamfanin General Motors ya fito da shi a 1976, da ƙirar namiji mai nauyin kusan kilo 78.

Ya yi rana, amma da sauran gyara. A wuri ɗaya tak yake auna lotsawar ƙirji, daidai ƙashin tsakiya, alhali bel ɗin kujera a karkace yake ratsa haƙarƙari. Ciki kuwa, inda hanta da saifa da hanji suke, ba ya ba da labarinsa. Shi ya sa aka ƙera THOR, mai auna ƙirji a wurare 4, ciki a wurare 2, ƙashin bayansa kuma yana lanƙwasa kusan yadda na mutum yake yi. Hukumar Euro NCAP ta fara gwaji da shi a 2020.

Me ya sa ake damuwa da ciki? Idan mota ta yi karo, mutum kan zame ta ƙarƙashin bel, igiyar ƙasa ta bar ƙashin ƙugu ta nutse cikin tumbi. Sai ka ga ya fito da ƙafarsa ana yi masa barka, jini kuwa yana zuba a ciki. Irin wannan, ko ba ciwo a fili, asibiti ya dace da shi, kuma Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja yana da cibiya ta musamman don masu raunin haɗari.

To amma duk gwajin nan, mutum ɗaya ake zaunarwa a kujera ɗaya, bel a kan ƙugunsa. Tsaya a AYA da ke Abuja da yamma ka dubi tasin da ke zuwa Nyanya: fasinja biyu a gaba, direba ya yafa bel a kafaɗa don idon 'yan rod sefti, waɗanda suka fara tilasta ɗaura shi tun 2003. Babu injiniyan da ya zana motar da wannan zama a ransa.

Ga yadda ya kamata a ɗaura bel: igiyar ƙasa a kan ƙashin ƙugu take zama, ta sama kuma ta bi tsakiyar kafaɗa, ba ƙarƙashin hammata ba. Mai juna biyu ta saukar da ta ƙasan zuwa ƙasan cikin, kuma kada a kwantar da kujera baya sosai mota tana tafiya.