Injin markaɗe da inbata: lambar da za ka duba kafin ka biya kuɗi

A bara ne kawuna, wanda ya fi shekara 20 yana zaune a Aboabo cikin Kumasi, ya yanke shawarar raba injin markaɗensa da injin fetur. Hayaƙi ya ishe shi, kuɗin mai ya ishe shi, ga matan da ke kawo geron koko tun asuba suna ƙorafin ƙara. Sai ya samu moton lantarki na hannu a wajen maƙeran Suame, mai ƙarfin doki 3, da araha. Matsala ɗaya: moton na wuta mai layi uku ne, wato tiri-fes, shagonsa kuwa wutar gida gare shi, mai layi ɗaya. Aka ce masa ai abu ne mai sauƙi, ya sayi inbata.

A nan sai a yi hattara, domin abu biyu ne muke kira da suna ɗaya. Akwai inbatar batir da sola wadda ke ba gida wuta in an ɗauke. Akwai kuma wadda muke magana a kai, wadda za ka ga an rubuta VFD a kwalinta. Ita aikinta juya moto ne. Tana karɓar wutar da ta shigo, ta mai da ita mai layi uku, ta kuma ba ka damar rage gudun moton ko ƙara shi. Wutarmu a Gana da Najeriya da Nijar da Kamaru da Cadi duk a kan 50 Hz take, ita kuwa na'urar tana iya saukar da wannan lamba ko ta ɗaga ta, gudun moto ya bi. Wani amfaninta shi ne tashi a hankali. Moton da aka haɗa kai tsaye yakan ja ninki 5 zuwa 7 na wutarsa a lokacin tashi, shi ya sa fitilun maƙwabta ke lumshewa, ƙaramin janareta kuma ya durƙusa.

Kawu ya ɗauki hoton ɗan farantin ƙarfen da ke jikin moton ya kai wa mai shago. Ga abin da ke rubuce: 2.2 kW, 230/400 V, 8.7/5.0 A. Mai shagon ya duba ya ce, "Alhaji, motonka amfiya 5 yake ci. Ga wannan tana ba da 7, har da rara, kuma ta fi sauƙin kuɗi." Kawu ya biya.

Kwana biyu na farko lafiya lau, don tattasai da tumatir aka yi ta markaɗawa. Ran da aka kawo gyaɗa kuwa, da an cika bakin injin sai na'urar ta katse, wasu harufa su fito a fuskarta suna ƙyaftawa. A kashe, a kunna, ta sake. Mai gyaɗar ta kwashe kayanta ta tafi wani wuri. Da dare ya kira ni, ransa a ɓace: "Ɗana, jabu suka sayar mini."

Ba jabu ba ce. Lambar da aka karanta ce ba daidai ba.

Lambobin nan na farantin bi da bi suke tafiya: 230 da 8.7 abokan juna ne, 400 da 5.0 su ma haka. Ma'ana, in moton zai sha bolt 400, amfiya 5 zai ja. In bolt 230 ne, sai ya ja 8.7 kafin ya yi aiki iri ɗaya. Inbatar da ake haɗawa da wutar gida kuwa, irin wadda aka fi samu a kasuwa, ba ta ƙara bolt. 230 ta karɓa, 230 za ta fitar, sai dai mai layi uku. Ke nan lambar da ta shafi Kawu 8.7 ce, an kuwa ba shi na'urar da iyakarta 7. Tana katsewa ne don ta tsirar da kanta.

Akwai kuma abin da ke tafiya tare da wannan. A cikin ɗan akwatin wayoyin moton akwai ƙananan ƙarafa uku da ake jerawa iri biyu. Jerin da ake kira delta, mai alamar kusurwa uku, shi ne na 230. Jerin sita, mai alamar Y, na 400 ne. In aka bar shi a sita aka ba shi 230, zai juya, amma ba ƙarfi. In kuwa farantin ya ce 400/690, to kada ma ka soma, wannan moton ba zai ba da ƙarfinsa a kan inbatar wutar gida ba. Haka moton layi ɗaya mai kafasita a gefe, irin na ƙananan famfuna, ba a haɗa shi da wannan na'ura.

Mu 'yan kasuwa mun saba ciniki da "doki nawa ne?" Ba laifi a fara da shi, doki ɗaya kusan 0.75 kW ne. Amma ni dai ban yarda a rufe ciniki a kansa ba. Moto biyu na iya zama doki 3 dukansu, ɗaya ya fi ɗaya cin wuta. Mai gudu a hankali ya fi mai sauri ci. Tsoho ya fi sabo. Wanda aka sake wa naɗi, wallahi sai an auna shi da mita yana cikin aiki kafin a san gaskiyarsa. Sumon rijiyar burtsatse ma yakan ja fiye da moton tudu mai kW iri ɗaya. Don haka ƙa'idar ita ce: nemo amfiyar moto a bolt ɗin da za ka ba shi, sannan ka nemi inbatar da amfiyar da take fitarwa ta kai wannan ko ta ɗan fi. A lura, wadda take fitarwa. A jikinta akwai lamba biyu, ta shiga da ta fita, kuma a wutar gida ta shigar takan kai kusan ninki biyu. Ta shigar ita za ka nuna wa mai haɗa wuta don ya zaɓi kaurin waya da bireka.

Sai maganar nauyin aiki. Kamfanoni da yawa sukan rubuta amfiya iri biyu ga na'ura ɗaya. Ta aiki mai sauƙi, kamar fanka da famfon ruwa, wadda ke jure ƙarin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na minti ɗaya. Da ta aiki mai nauyi, wadda ke jure ƙarin kashi 50 na minti ɗaya. Niƙa da markaɗe da cuɗa fulawar burodi duk aiki ne mai nauyi, domin lodi kan faɗo wa injin gaba ɗaya. Lambar aiki mai nauyi ita ce ƙarama a cikin biyun, ita kuma mai sayarwa ba ya son nunawa.

Zafi ma yana cin rabonsa. Yawancin waɗannan na'urori an ƙayyade ƙarfinsu ne a zafin da bai wuce digiri 40 ba, wasu 50. Wanda ya san shagon kwano a Yamai ko Njamena cikin watan Afrilu ya san 40 wasa ne. Haka in wuri ya haura mita 1,000 a tudu, kamar Ngaundere, iska ba ta sanyaya na'urar yadda ya kamata, littafinta zai ce a rage mata kaya. Ga ƙurar gari da ke toshe mata fanka. A irin waɗannan wurare gara ka hau mataki ɗaya sama.

To amma kada a ce tunda haka ne bari a sayo ƙatuwa a huta. Yin hakan na da nasa haɗarin, kuma ya fi na Kawu tsada. Inbata tana kare moto ne da lambar da aka shigar mata. In ka kawo mai amfiya 17 ka haɗa da moto mai 8.7 ba ka gaya mata ba, za ta ɗauka babban moto ne a gabanta. Injin zai cije, moton ya yi ta jan 13 ko 14, ita ko a jikinta, har sai ka ji ƙaurin naɗi. Saboda haka duk girman da ka saya, ka tsaya a kan mai haɗawa ya buɗe littafin, ya shigar da amfiya da bolt da Hz da gudun da ke kan farantin. Aikin minti biyar ne, amma sau da yawa ana tsallake shi don an ga moto ya juya.

Abu biyu kuma ga yaran shago. Kada su riƙa rage gudu sosai suna aiki mai nauyi na tsawon lokaci, don fankar moton a jikin sandarsa take, in gudu ya ragu iskarta ta ragu. Sannan ko an kashe wuta, akwai caji mai kisa da ke saura a cikin na'urar na wasu mintoci. A jira aƙalla minti 10 kafin a taɓa wayoyinta, kuma kada a sa makunni tsakaninta da moto, daga jikinta ake tayarwa da tsayarwa.

Kawu ya koma shagon da hoton farantin, wannan karon ya ɗora yatsa a kan 8.7. Bayan 'yar jayayya aka karɓi ta farkon, ya yi ciko, ya ɗauko mai fitar da amfiya 10 a aiki mai nauyi. Mai haɗa wuta ya shigar mata da lambobin, ya kafa ta a bango nesa da bakin injin, cikin akwati mai ramukan iska. Ran Juma'a da safe, kafin a tafi masallaci, ƙaramin ɗansa ne ke kashe bireka ya share mata ƙura da busasshen buroshi. Mai gyaɗar nan ma ta dawo, sai dai har yanzu takan tsaya a bakin ƙofa ta ga an gama kwanon farko kafin ta sauke sauran.