Ragon Layya Da Irin Da Ke Ƙarewa A Dutsin-Ma Da Kurfi

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, raguna mafi girma da kyan ƙira ne ke fara barin gidajen Dutsin-Ma da Kurfi zuwa kasuwa, daga can a loda su a mota sai Katsina ko Kano ko Legas. Mai kiwo ya samu kuɗi, mai layya ya samu lada, babu wanda ya yi laifi. Sai dai da yawa daga cikin ragunan nan tun suna ƙanana aka turke su, ba su taɓa barbarar tunkiya ba. Waɗanda suka rage suna yawo cikin garke su ne tsumburarrun da dillali ya raina, kuma su ne ubannin 'ya'yan baɗi. Idan aka jera shekaru a haka, irin tumakin gari raguwa yake yi, ko da harawa da dusa da ƙowa ba su yanke ba.

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Makiyayi ya san Balami, farin rago mai dogayen kunnuwa na ƙasar Barno, ya fi Uda girma, Uda kuma ya fi 'Yanƙasa da suka cika gidajenmu. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne gano inda bambancin yake a cikin ƙwayoyin gado. A 2006 masana a jami'ar Liyej ta Beljiyam suka bayyana sirrin tumakin Texel masu tsoka murɗe-murɗe. Jikin dabba yana sarrafa wani sinadari, mayostatin, wanda ke taka wa tsoka burki. A Texel harafi ɗaya ne ya sauya a rubutun gado, sai burkin ya yi sanyi. A 2014 kuma aka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin gadon tunkiya.

Akwai labarin da ya kamata ya sa mu yi hattara. A 1983 aka haifi wani rago a Oklahoma ta Amurka mai cinyoyi da ɗuwawu na ban mamaki, ya kuma gadar wa wasu 'ya'yansa. Makiyaya suka yi ta murna, har aka gane naman zuriyarsa tauri gare shi, kasuwa ta juya masa baya. Sannan irin waɗannan sauye-sauye masu babban tasiri kaɗan ne. Nauyin rago yawanci aikin ɗaruruwan ƙwayoyin gado ne, kowanne da ɗan gudummawarsa, ga abinci da lafiya a kai. Ragon da aka ɗura wa angurya da ƙuli-ƙuli wata shida zai cika ido, amma kitsen turke ba ya bin jini zuwa ga ɗa.

Don haka ina ganin sikeli da littafi ya kamata mu fara nema kafin na'urar gwajin jini. Babu masanin da zai iya danganta wani sauyin gado da saurin girma idan ba a san nauyin ɗan rago ranar haihuwa da ranar yaye ba, balle a san ubansa.

Habasha ta gwada wannan tun 2009 a yankunan Menz da Horro da Bonga. Manoma suka haɗa kai, ana auna 'ya'yan tumaki ana rubutawa, idan sun kai kimanin wata shida a zaɓi mafi kyau, ƙungiya ta saye su kafin su faɗa hannun mahauta. Ragunan da aka zaɓa su ke barbara, ana musayarsu tsakanin unguwanni don kada uba ya hau 'yarsa. Sauran a dandaƙe su a yi kiwon kasuwa.

Muna da abin da za a fara da shi. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona, ga cibiyar NAPRI a Shika kusa da Zariya da ta daɗe tana bincike a kan tumakin ƙasar nan. Ɗalibin da ke neman aikin kammala digiri zai iya riƙe rajistar ƙauye guda a Kurfi. Matan aure, waɗanda su ne masu yawancin tumakin cikin gida, su ya kamata a fara zama da su, domin ba za a ce wa mace ta riƙe ragon da take sa ran kuɗin kayan ɗakin 'yarta ba sai an biya ta farashin kasuwa.

Ɓarayin daji sun riga sun kwashe garkuna masu yawa a wannan yanki, kuma mai tsoron a kore masa dabba gaggawar sayar da mai kyau yake yi. Tunkiya wata biyar take ɗaukar ciki. Idan ƙananan hukumomin biyu suka saya wa kowace ƙungiya zaɓaɓɓun raguna kafin kasuwar layya ta buɗe, kafin wata Sallar za a ɗora 'ya'yansu a kan sikeli.