Motar Yara Mai Batir: Me Ke Gaskiya, Me Ke Jita-jita?

Da zarar Sallah ta ƙarato a Haɗejiya, sai ka ga 'yan motocin nan masu batir an jejjera su a kan kwalayensu a bakin shaguna, irin waɗanda ake sarowa daga kasuwar Sabon Gari ta Kano. Uba ya tsaya da ɗansa ɗan shekara biyu a kafaɗa. Mai shago ya danna maɓalli, fitila ta kama, kiɗa ya tashi, yaro ya fara zillo yana miƙa hannu. "Alhaji, wannan ba inda ba ta shiga," in ji mai shago. A gida kuwa kaka ta riga ta yanke nata hukuncin: "Ba dai jikana ba, salon wuta ta ja min shi."

Tsakanin daɗin bakin mai talla da fargabar kaka, zance ya yi yawa. Ga bakwai daga cikin maganganun da aka fi yi, da matsayin kowace.

1. "Batirin zai iya jan yaro." Ƙarya ne.

Batirin da ke ƙarƙashin kujerar motar ɗan'uwan na fanka mai caji ne, kuma ƙarfinsa 6V ne ko 12V, wani lokaci 24V. Wannan bai isa ya ja mutum ta busasshiyar fata ba. Wutar da ke kisa tana jikin bango, inda soket ke ba da kusan 230V. Saboda haka a sa ido a kan caja. Babba ne zai jona ta, a inda hannun yaro bai kai ba, kuma kada a bar yaro cikin mota tana caji.

2. "Tana iya kamawa da wuta." Gaskiya ne.

A watan Oktoba na 1998, kamfanin Fisher-Price da hukumar kula da ingancin kayan masarufi ta Amurka suka yi shelar a mayar da motocin yara na Power Wheels kusan miliyan 10 don a gyara su, bayan rahotannin gobara kusan 150. A 2001 kamfanin ya biya tarar dala miliyan 1.1 saboda jinkirin kai rahoto. In haka ta faru ga kamfani mai suna, ina ga motar da ko sunan maƙerinta babu a kwali?

Ƙaramin batir ba ya jan mutum, amma in wayoyinsa biyu suka haɗu yana iya narka roba nan take. Fiyus ne ke tsai da wannan. Babban kuskure shi ne mai gyara ya cire fiyus ɗin da ya ƙone ya ɗaure wurin da waya, ko a jona motar da cajar da ba tata ba. A yi caji da rana, a kan siminti, nesa da katifa, labule da galan ɗin fetur.

3. "Sayi mai 24V, yaro ya girma da ita." Ƙarya ne ga mai tatata.

Ana sayen riga da girma, amma mota ba riga ba ce. Mai 6V tana yin kamar kilomita 3 zuwa 4 a awa, ƙasa da saurin tafiyar babba, kana iya cim mata da taku biyu. Mai 12V takan kai 5 zuwa 8, mai 24V kuwa 10 ko fiye, sai ka yi gudu-gudu. Ɗan shekara biyu bai san ya ɗaga ƙafa daga feda in ya doshi bango ko tukunya a kan murhu ba. Abin da ya dace da shi shi ne mai 6V, ko mai 12V da ke da rimot na iyaye da maɓallin rage gudu. A duba shekaru da nauyin da aka rubuta a kwali. Da yawa ba sa wuce kilo 25 zuwa 30, wato ba a yi su don wa da ƙane su cunkusu a ciki ba.

4. "Ba inda ba ta shiga." Kaɗan gaskiya, da yawa talla.

An yi waɗannan motoci ne don daɓe mai laushi. A rairayin lungunanmu, tayar roba mai tauri juyawa kawai take yi a wuri ɗaya, injin ya yi zafi, haƙoran giyar roba su cinye. Mai inji biyu da taya mai taushi ta fi jurewa, amma ita ma tana da iyaka.

Ruwa kuwa shi ne babban abin duba ga mutanen bakin kogi. Wanda ya ga yadda aka riƙa cika buhunan ƙasa ana yin jinga a Haɗejiya a daminar 2020 da ta 2022 ya san halin garin nan da ruwa. Ko babu ambaliya, daga Yuli zuwa Satumba kwata cike take, kududdufi a bayan gida, rijiya ta kawo ruwa kusa. Ruwan da bai wuce idon sawun babba ba ma ya isa ya halaka ƙaramin yaro in ya kifa a ciki, kuma ba ihu za a ji ba. Rimot ba ya maye gurbin ido: batirinsa na ƙarewa, kuma in mota ta yi nisa ba ya kamawa. A rufe ƙofar zaure, don 'yan acaɓa da masu a-daidaita-sahu ba sa hango abin da bai kai gwiwa ba. Motar da ruwa ya shiga kuma kada a kunna ta ko a yi mata caji sai mai gyara ya duba.

5. "Sai batir ya ƙare ƙarƙaf ake yin caji." Ƙarya ne.

Wannan shawara ta tsofaffin batiran wayar salula ce, aka yi ta gadonta. Yawancin motocin yara batirin dalma ne da su, shi kuwa ba abin da ke kashe shi kamar a zuƙe shi tas a ajiye. Shi ya sa motar da aka hau da Ƙaramar Sallah aka jefa ɗakin ajiya, in aka fito da ita da Babbar Sallah sai a tarar ta mutu. Da ta fara jan ciki, a tsayar a yi caji. In za a ajiye, a cika batirin, a riƙa ƙara masa duk wata.

Zafi ma maƙiyinsa ne. Masu ƙera batir suna lissafin cewa duk ƙarin maki kusan 10 a kan 25 na ma'aunin zafi yana raba tsawon rayuwarsa biyu. A Afrilu da Mayu nan ana haura 40, don haka kada a bar motar a rana. A kuma yi lissafin wuta tun kafin a biya kuɗi: cajin awa 8 zuwa 12 ne ke ba da wasan awa ɗaya ko biyu.

6. "Tana sa gwame ko ƙafar baka." Ƙarya ne.

Ɗan lanƙwasar ƙafa abu ne da aka saba gani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyu, kuma yakan miƙe da kansa. Wanda ya yi tsanani sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne, kuma binciken da aka yi a Jos ya nuna ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci ne babban sanadinsa a nan Najeriya. Wannan na asibiti ne. Sai dai kaka ba ta rasa gaskiya ɗungurungum ba: a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 1 zuwa 4 na buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 180 a rana. Zama a mota ba ya cikin lissafin. Guje-guje da tura gare sun fi ta amfani ga ƙafa.

7. "Mataccen batir ba shi da illa." Ƙarya ne, kuma ita ce mafi haɗari.

Batir ya daina aiki, amma dalmar cikinsa tana nan. Ba mu manta da Zamfara ba, inda a 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinare ta kashe yara aƙalla 400. A Thiaroye da ke wajen Dakar ta Senegal kuwa, yara 18 ne suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008, sanadiyyar fasa tsofaffin batira a cikin unguwa. Ko gubar ba ta kashe ba, tana dakushe ƙwaƙwalwar yaro. Kada a fasa batir, kada a ƙona shi, kada a jefa shi a kwata, don a fadama ruwan kwata da na rijiya maƙwabta ne. A ba mai sayen tsofaffin batira shi a rufe.

Ranar saye, ka ce mai shago ya ɗaga kujera. Ka ga batirin bai kumbura ba, ka ga fiyus, ka ga lambar caja ta yi daidai da ta batir. Ka gwada rimot ko yana tsai da mota nan take. Ka tambayi inda ake samun batir da giya in sun lalace, ka karɓi rasit. Kada tambarin inganci na CE kaɗai ya ruɗe ka, don bugawa a kwali ba wuya. In ya ce, "Haba Alhaji, ai sabuwa ce fil," ka yi murmushi ka ce, "Na yarda, Malam, amma dai ɗaga mu gani."